Zumunta a Bakin Daji: Littattafan Wata Tsohuwar Amurka a Kan Danginta

Ya ku 'yan makaranta, wannan mako mun ɗauko muku littattafan wata mace mutuniyar Amurka, sunanta Laura Ingalls Wilder. An haife ta a shekarar 1867 kusa da wani ƙaramin gari, Pepin, cikin jihar Wiskonsin, ta rasu a 1957 tana da shekara 90. Ba ta fitar da littafinta na fari ba sai a 1932, sa'ad da ta kai shekara 65, furfura ta rufe kai. Daga nan har zuwa 1943 ta fitar da guda takwas. Bakwai labarin ƙuruciyarta ne, ɗaya kuwa labarin ƙuruciyar mijinta. An juya su cikin harsuna masu yawa, yaran Amurka kuwa da wuya ka sami wanda bai taɓa jin labarinsu ba.

Mutanen da ta ke ba da labarinsu Turawa ne masu sarar daji, waɗanda su ke ɗaura kayansu cikin keken dawaki mai rumfa, su nausa yamma neman gona. Galibin masu yabon littattafan nan abin da su ke yabo shi ne jaruntakar uban yarinyar, Charles Ingalls, mutum guda da gatarinsa da bindigarsa da gogensa, ba ya neman kome wurin kowa. Mu kuwa da muka karanta su a tsanake, muka gwada su da tarihin gidan, sai muka ga abin ya ɗan bambanta. Wannan bambanci shi mu ke so mu nuna muku, don ku koyi yadda a ke karanta labarin da mutum ya bayar na iyayensa da kakanninsa.

Mu fara da dangin, gama in ba ku san su ba, ba za ku gane littafin ba. Gidaje biyu ne suka yi maƙwabtaka a kudancin Wiskonsin, gidan Ingalls da gidan Quiner. Tsakanin 1859 da 1861 aka ɗaura aure uku a tsakaninsu. Henry Quiner ya auri Polly Ingalls, Charles Ingalls ya auri Caroline Quiner, sa'an nan Peter Ingalls ya auri Eliza Quiner. A nan harshenmu ya fi Turanci daɗin bayani, domin Bature kalma ɗaya gare shi ga ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa, kalma ɗaya kuma ga 'yar'uwar uba da 'yar'uwar uwa. Mu kuwa sai mu ce, Henry kawun Laura ne, matarsa Polly gwaggonta ce. Peter baffanta ne, matarsa Eliza innarta ce. 'Ya'yan Henry taubasanta ne ta ko wane gefe, 'ya'yan Peter kuwa kusan a ce ciki ɗaya suka fito da ita. Irin wannan aure ba abin mamaki ba ne a bakin daji, inda gidaje su ke nesa da juna, saurayi bai san wata budurwa ba sai ta gidan maƙwabta. A 1863 Charles da surukinsa Henry suka sayi fili tare kusa da Pepin, suka raba, ko wanne ya kafa ɗakinsa na gungumen itace.

Littafin fari sunansa Little House in the Big Woods, watau ƙaramin gida cikin ƙungurmin daji. A ganinmu shi ya fi sauran duka kyau, dalili kuwa shi ne gidan cike ya ke da dangi. Ranar yanka dabbar da za a ci da hunturu, kawu Henry ne ya zo da wuƙar matarsa. Ranar Kirsimeti baffa Peter da inna Eliza suka iso da 'ya'yansu, aka shimfiɗa wa yara a ƙasa, suka yi lamo kamar sun yi barci, alhali kuwa kunnuwansu na wajen hirar manya. Da kaka ta yi, Charles da Henry suka yi wa juna gayya, yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan. A wurin girbin nan ne taubashinta Charley ya yi ta ihun ƙarya, har sau uku manya suna barin aiki suna rugowa, su tarar ba kome. Da ya taka gidan rina na gaske ya kwarma ihu, aka ƙyale shi, har suka yi masa rugu-rugu, aka shafe shi da laka aka naɗe shi cikin mayafi. Marubuciyar ba ta tsaya yin dogon wa'azi ba. Ta bar yarinya kwance da dare tana juya abin a ranta.

Babin da ya fi burge mu shi ne na rawa a gidan kaka. A ƙasar akwai wani itace da a ke huda shi a ƙarshen hunturu, a tari ruwansa a dafa, ya daskare ya zama kamar mazarƙwaila. Ranar dahuwar ƙarshe dangi da maƙwabta duk suka hallara. Ga gwaggo Docia da gwaggo Ruby suna ɗaure ƙugu suna gyaran kai, ga baffa George wanda ya gudu ya shiga soja yana yaro, ya komo da ƙahonsa na busa, yara suna jin tsoronsa. Charles ya ɗauki goge, aka shiga fage. Can sai tsohuwa, kakar Laura, ta fito ta kara da ɗanta George, suka yi ta tiƙa rawa har ya gaji ya sallama, ita kuwa ta ruga madafa don kada tukunya ta ƙone. Har wata yarinya aka samu a wurin, ita ma sunanta Laura Ingalls, suka yi ta musu a kan jaririn gidan wa ya fi kyau. Wanda ya taɓa zuwa suna ko biki a gidan kakansa ya san ba a ƙaga irin wannan. Sai wanda ya gani.

Cikin littafin nan kuma akwai labari a cikin labari. In dare ya yi, uba ya ɗora 'ya'yansa mata bisa gwiwa, ya ba su labarin ubansa. Ga na ranar da kakan ya fito daga gari ba bindiga, baƙar damisa ta bi shi ta kan itatuwa tana kururuwa, ya yi ta sukuwa har ƙofar gida, ya dira ke nan ta faɗo bisa bayan dokin. Ga kuma na ranar Lahadi, sa'ad da kakan yana yaro, shi da 'yan'uwansa biyu suka saci jiki ubansu na gyangyaɗi, suka hau katakon zamiya a kan ƙanƙara. Wani alade ya gitta, katako ya kwashe shi, ya yi ta tsuwa har suka wuce ta gaban ubansu yana tsaye bakin ƙofa. Bai ce musu uffan ba sai da rana ta faɗi, ranar hutu ta fita, sa'an nan ya ɗauko tsumagiya. Ku lura da inda marubuciyar ta ajiye wannan labari. Ta ajiye shi daidai inda yarinya ta ɓata rai ta ce ta ƙi jinin Lahadi. Maimakon duka, uban ya ba ta labarin kakanta. Ta haka yarinya ta san cewa tsohon nan mai gemu shi ma ya taɓa zama yaro mai ƙiriniya, ta san kuma horon da ta ke kuka da shi ya fi na dā sauƙi. Wannan gwaninta ce, mun yaba.

Asalin littattafan ma daga tambayar dangi ya ke. Uwarta Caroline ta rasu a 1924. A 1925 Laura ta rubuta wa innarta Martha, yayar uwarta, takarda, ta roƙe ta ta ba ta labarin ƙuruciyarsu tun ba a rasa mai faɗa ba. Tsohuwa ta amsa da dogayen takardu, ta ba da labarin wahalar da suka sha bayan ubansu ya nutse da jirgi cikin tabkin Mishigan, ya bar uwarsu da ƙananan yara. A 1930 Laura ta rubuta tarihin kanta domin manya, ta sa masa suna Pioneer Girl. Masu buga littattafai suka ƙi shi. Sai ita da 'yarta Rose Wilder Lane, wadda ta riga ta yi suna wajen rubutu, suka tsinci labarun yara daga cikinsa suka gyara. Shi wancan na farin bai fito ba sai a 2014, shekara 57 bayan rasuwarta. Da shi ne masu bincike suka ga abin da aka ɗauka da abin da aka bari.

To, a nan ne za mu fara kushe. Littafin da ya fi duka suna shi ne Little House on the Prairie, na 1935, labarin zamansu a jihar Kansas. Cikinsa an nuna sun bar Wiskonsin Laura ta yi wayo, tana gani tana tambaya. Gaskiyar magana, sun isa Kansas wajen 1869 tana da shekara biyu, suka baro a 1871 tana da huɗu. Zaman Wiskonsin da ta ba da labarinsa cikin littafin fari, bayan komowarsu ne. Watau an juya shekarun, an sa na baya a gaba. Mai shekara uku me zai riƙe? Mafi yawan abin da ke cikin littafin nan ji ta yi daga bakin uwa da uba da yayarta, aka yi ta maimaitawa a bakin murhu har ya zama kamar da idonta ta gani. Ba mu ce ta yi ƙarya ba, gama ita kanta ba ta kira su littattafan tarihi ba. Amma mai karatu ya kamata ya san cewa idon da ya ke kallon Kansas da shi, idon Charles da Caroline ne.

Ga kuma abin da idon nan bai so ya gani sosai ba. Ƙasar da Charles ya kafa ɗakinsa a kai tana da masu ita, wata kabila ta 'yan ƙasa na asali da a ke kira Osej, cikin waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Ya shiga ne ba izini, yana sa ran gwamnati za ta tashe su. Haka kuwa aka yi, a 1870 majalisar Amurka ta yi dokar sayar da ƙasar, Osej suka ƙaura kudu zuwa inda yanzu ya ke jihar Oklahoma. Cikin littafin an nuna su suna shiga ɗaki suna ɗaukar abinci da taba, uwa na rawar jiki, maƙwabta na faɗin munanan maganganu a kansu. An nuna uban yana ɗan kāre su, an nuna yarinya tana tambayar abin da ya kawo su ƙasar mutane in ba a son mutanen, aka ce ta yi shiru. An kuma nuna ranar ƙaurarsu, dogon layi na dawaki yana wucewa, yarinya ta ƙura wa wani jariri ido har ta fashe da kuka. Wannan wuri yana taɓa zuciya. Duk da haka ba a gaya wa mai karatu cewa mutanen nan su ma suna da kakanni da kaburbura da labarun dare a wannan ƙasa ba. A bugun fari har akwai jimlar da ta fito kamar ba a lissafa su cikin mutane, sai da wata mai karatu ta yi ƙorafi aka gyara a bugun 1953. A 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na yara a Amurka ta cire sunan marubuciyar daga wata lambar girma da a dā a ke bayarwa da sunanta, saboda yadda littattafan suka siffanta 'yan ƙasa da baƙar fata. Labarin gida, in ba a yi hankali ba, iyakarsa danga. Wanda ke bayan danga ba a ganinsa sai in ya leƙo.

Kushe na biyu ya fi kusa da zancenmu na zumunta. Tun daga babin fari na littafin Kansas, inda dangi suka taru da asuba suka yi sallama, sai a ga gida ya koma uwa da uba da 'ya'ya kaɗai a tsakiyar fili. Kakanni ba su sāke fitowa ba. Mai karatu sai ya ɗauka cewa mutanen nan da ƙarfin damtsensu kaɗai suka rayu. Tarihi kuwa ya nuna ko wane lokaci suka faɗi, hannun wani ne ya tashe su. Da suka zauna a Walnut Grove cikin jihar Minesota, fara ta sauko a 1875 ta cinye alkama ƙurmus, Charles ya taka da ƙafa zuwa gabas neman ƙodago. A 1876, da abin ya faskara, gonar baffa Peter suka nufa. A can ne ƙanen Laura, ɗa namiji guda da iyayenta suka samu, ya rasu yana da wata tara. Daga nan suka wuce Burr Oak cikin jihar Ayowa, suka yi aikin masauki, talauci ya kai har matar wani likita ta nemi a ba ta Laura ta riƙe, daga baya suka bar garin da dare da bashin haya a kansu. Duk wannan, da yaron, da gonar baffa, da Burr Oak, babu ko ɗaya cikin littattafan yaran. Sai a Pioneer Girl.

Haka kuma cikin The Long Winter, labarin mugun hunturun 1880 zuwa 1881 a garin De Smet na ƙasar Dakota, inda ƙanƙara ta tsare jirgin ƙasa wata da watanni, an nuna su su kaɗai a ɗaki suna niƙa alkama da injin niƙa gahawa, suna murɗa ciyawa suna ƙonawa. Ashe akwai wani saurayi da matarsa da jaririnsu da suka ci hunturun duka tare da su, aka share su daga labari. Yayarta Mary da ta makance a 1879, an nuna dangi suna tara kwabo-kwabo don su kai ta makarantar makafi a Vinton, amma ba a ambaci cewa hukumar Dakota ce ta biya kuɗin karatun ba. Gonar ma ta De Smet, eka 160, ta hanyar dokar 1862 aka same ta, wadda ta ce wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar gwamnati ta mallaka masa. Masu bincike da yawa suna ganin hannun Rose a nan, domin ita mace ce mai tsananin ra'ayin cewa kowa ya tsaya da ƙafarsa, ta kuma ƙi shirye-shiryen taimako na Shugaba Roosevelt. Wani abin kuma Laura da kanta ta bari, don tana ganin bai dace da yara ba. Mutuwar ƙane, mun yarda, abu ne mai nauyi ga tsohuwa ta tona. Amma ɓoye taimakon da aka samu ya sa jaruntaka ta yi kama da abin da mutum ɗaya ke iyawa, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin sha'awa, gaskiya ta kan ɓullo ko an danne ta. Ku buɗe By the Shores of Silver Lake, na 1939. Gida ya lalace da ciwo, Mary ta makance, ga bashin likita, ba abinci sai kaɗan. Sai ga wata mace ita kaɗai cikin keken doki ta tsaya bakin ƙofa. Gwaggo Docia ce. Mijinta ɗan kwangila ne a aikin hanyar jirgin ƙasa, ta zo ta gaya wa ɗan'uwanta akwai aikin akawu da tsaron kanti, dala 50 a wata. Wannan zuwa shi ya fitar da su daga rami, shi ya kai su Dakota. A sansanin ma'aikata kuma suka tarar da kawu Henry da Charley, wancan na gidan rina, ya zama ƙato. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Ga ta nan a ƙafar doki, mil da yawa cikin fili, ta zo ta ceci gida. Wannan babi yana cikin mafiya kyau a littattafan duka, muna kuwa zaton dalili shi ne a nan marubuciyar ta bar abin yadda ya faru.

Ƙarshen gidan yana da ban tausayi. A 1894 Laura da mijinta Almanzo da 'yarsu suka bar Dakota saboda fari da asara, suka yi tafiyar wajen mako shida zuwa Mansfield cikin jihar Misuri. Ta komo a 1902 ta ga ubanta yana jinyar ajali. Bayan wannan ba ta sāke ganin uwarta ba, ba ta kuma sāke ganin Mary ba, wadda ta rasu a 1928. Cikin 'yan'uwanta mata uku ba wadda ta haihu. Ɗanta namiji ya rasu yana jariri, Rose ma ba ta bar ɗa ba. Da Rose ta rasu a 1968, zuriyar Charles da Caroline ta yanke. Gogen nan yana ajiye a gidan tarihi a Mansfield. In kun san wannan, sa'an nan kuka koma kuka karanta babin rawa a gidan kaka, za ku gane abin da ya sa tsohuwa mai shekara sittin da 'yan kai ta zauna tana lissafa maɓallan rigar gwaggonta. Tana tara mutanenta ne wuri ɗaya, bayan ƙaura da mutuwa sun watsa su.

Hukuncinmu dai shi ne littattafan nan sun cancanci karatu. Turancinsu mai sauƙi ne, ɗan aji huɗu ko biyar zai iya bi, ga su da bayanin yadda a ke yin abu da hannu, tun daga zuba harsashi har gina ɗaki. Ku fara da na fari. Amma kuna karatu kuna tambaya uku: wa ya ba ta wannan labari, me aka bari ba a faɗa ba, su wa kuma ke tsaye bayan danga?

Sa'an nan ga aikin hutu. Ko wannenku yana da kaka, ko gwaggo, ko wani tsohon kawu da ya san inda gidanku ya taso da wanda ya auri wa. Ku ɗauki fensir da takarda ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaya, kamar yadda Laura ta tambayi innarta. Ku rubuta da na daɗi da na ɗaci, da shekarar yunwa da sunan wanda ya ba da rancen hatsi. In kun ji kakanku ya sari daji ya kafa gari, ku tambaya wa ya tarar a wurin. Kada ku jinkirta, gama inna Martha ta haura shekara tamanin sa'ad da takardar nan ta same ta. Allah ya ba ku sa'a.